Tukunyar da Napari Ke Ci

Litinin, 5 ga Yuni

Masu ƙidayar tallafin yara za su shigo garinmu daga Yendi. Wai gwamnati za ta riƙa ba gidaje kuɗi gwargwadon yaran da ke ci daga tukunya ɗaya. Ba ruwansu da wanda ya goya, ba ruwansu da wanda ya yi jinya. Tukunya kawai. Allah ya kyauta.

Alhamis, 8 ga Yuni

Ƙanena Wumbei ya zo da hantsi, ya tsuguna bakin turmi yana ta kame-kame, ya damina, ya ƙafar. Na ce, "Faɗi abin da ya kawo ka, man kaɗe nake tuƙawa." Sai ya ce, "Yaya, aron Napari za ki ba ni, mako ɗaya tak. In sun same ta a tukunyata, kasona zai ƙaru."

Aro! Sai ka ce taɓarya. Yarinyar da shi da kansa ya ɗora min a cinya ranar yaye, gaban dattawa, yadda ake ba kowace gwaggo 'yar ɗan'uwanta. Ni na yi ƙyanda da ita. Ni na yi tarin nan mai shiƙewa. Na ce, "Da tana zawo ai ba ka zo aro ba." Ya sunkuyar da kai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, na gani, na kau da ido.

Asabar, 10 ga Yuni

Masu ƙidaya sun zo gidana. Wata 'yar yarinya mai latsa waya ta ɗaga kai ta dubi kwanon rufina, ta ce ban cancanta ba, wai mai kwano ba talaka ba ce. Kwanon da marigayi mijina ya bar min, wanda nake tara masa roba duk damina saboda yoyo. Na ce ta dawo ranar ruwa ta sake kallo.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na ba Wumbei Napari, mako ɗaya. A bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, laifi na yi?" Na ce wuce, sarkin surutu.

Talata, 27 ga Yuni

Makon Wumbei bai ƙare ba har yau. Wai masu ƙidaya kan dawo ba sanarwa, in suka tarar yaro ɗaya ba ya nan sai su soke gidan gaba ɗaya. "Yaya, ki ƙara haƙuri." Ya san da haka tun ranar da ya tsuguna min, munafuki. Wallahi na tsane shi yau.

Juma'a, 14 ga Yuli

An biya su Wumbei. Matarsa Azaratu ta kawo min masara a buhun shinkafa, wai in ji shi. Na ce, "Ɗauki abinki. Ki ce masa yayarsa Sanatu ba ta cin kuɗin 'yarta." Ta ce, "Yaya, ba haka ba ne." Na nuna mata ƙofa.

Laraba, 19 ga Yuli

Kaɗanya ba ta yi ba bana. Koko da safe, koko da rana.

Laraba, 2 ga Agusta

Napari ta gudo. Ina shara sai na gan ta tsaye, takalmi a hannu, wai kar ya cinye. Takalmi sabo! Kumatu sun fito. Ta faɗa jikina, kanta duk ya tsefe, ba mai yi mata kitso. Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na fara tsaga. Ta ce can sau biyu ake tuwo, har da kifi ranar kasuwa, kuma autansu Neindow da gashinsa ya yi ja don yunwa yanzu yana tafiya. Sai ta ce, "Gwaggo, me kika dafa?" Na ce tukuna.

Ban gama layi na uku ba Wumbei ya faɗo da keke, gumi sharkaf. Wai babur ɗin masu ƙidaya yana ƙauyen gaba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya durƙusa a ƙasa, ƙato da shi, ya ce, "Yaya, Neindow."

Ni na mayar da ita, da ƙafata, kitson rabi. A ƙofar gidansu ta damƙe zanena. Yatsa ɗaya ɗaya na ɓamɓare. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Wannan kallon zai bi ni kabari.

Alhamis, 3 ga Agusta

Masu ƙidaya sun ƙirga, yaran sun cika.

Asabar, 16 ga Satumba

Azaratu ta sake kawo masara. Ta ajiye bayan ƙofa, ni kuma ban kore ta ba. Da la'asar na kai niƙa, kar ƙwari su cinye a banza. Tuwon ya yi daɗi. Ban so ya yi daɗi ba.

Ƙaramin kwanon Napari, mai tsaga a baki, da Azaratu ta tashi tafiya na bi ta da shi har hanya na ba ta. Ba wani abu ba ne, wuri yake cinye min a kwando. Tunda can take ci.