Yadda Baban Raki Ya Zama Mai Ruwa

Salford, Manchester
Yuni, 2012

Zuwa ga Yaya Batulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, ya raba ki da zaryar asibiti. Mu nan sai godiya. Jariri Habu yana ta ƙiba, tsotso ba dare ba rana, yayarsa Raki kuwa Turancin Manchester ya cika mata baki, har Inna kan ce ita ba ta san da wane yare jikarta take yi mata tsiwa ba. Ni ma jiki ya yi ƙwari, wankan jego ya karɓe ni.

Na san ƙaninmu Musbahu ya riga ya tayar miki da hankali a waya cewa an kai Inna wurin likita. Kin san shi, rabin magana yake bayarwa ya kashe waya. Ki kwantar da hankalinki, Inna garau take, yanzu haka ina jiyo ta tana yi wa Habu waƙa. Amma bari in ba ki labarin daga tushe, don ke ma da hannunki a cikin alherin ba ki sani ba.

Kin dai san Inna da kunyar suruki. Gidanmu ɗaki biyu ne, banɗaki ɗaya, bangon kuma kamar kwali. Tun ranar da ta sauka ta ce ita ba za ta kwana inda za ta riƙa jin tarin mijin 'yarta ba, ko a nema mata wani wuri, ko ta wuce Birmingham wurin Musbahu ta riƙa yi mini jego ta waya. Shi ne Musbahu ya jawo mana karaban ɗinsa tun daga unguwarsu ta Ladywood. Wani ɗan ɗaki ne mai taya da ake ɗaura wa mota, akwai gado da murhu da famfo a ciki, Turawa kan tafi hutu bakin teku da shi. Aka ajiye shi a filin bayan gida. Baban Raki ya ja mata wuta, ya ɗauko tiyo ya cika mata tankin ruwan da ke ƙarƙashin kujera. Inna ta shiga ta shimfiɗa dardumarta, ta ce yanzu ta zo Ingila.

Abin da ban gaya miki a waya ba shi ne, tun farkon shekara Baban Raki ba ya zuwa aiki. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ko'ina council, wato ƙaramar hukuma, rage ma'aikata take yi, sashensu na gyaran tituna ma bai tsira ba. Yaya, mutumin da kika sani da fara'a ya koma shiru-shiru. Kullum yana kicin, ya kafa kwamfuta a kan teburin cin abinci yana neman aiki tun safe har la'asar. To kin ga kicin ya haramta ga Inna ke nan. In za ta shigo wurina sai ta zagayo ta ƙofar gaba, mayafi har hanci.

Ranar nan tana tsaka da yi mini wanka jiri ya ɗebe ta. Wallahi ba don na riƙo ta ba, da kan bokitin ruwan zafi za ta faɗa. Likitarmu ta unguwa, wadda suke kira GP, ta duba ta, ta ce jikinta ya bushe, ba ta shan ruwa, kuma ga mai shekarunta da ke shan maganin hawan jini, wannan kan iya taɓa ƙoda. Na yi ta mamaki, ga famfo a gefen gadonta! Da muka dawo na tari ruwa a famfon karaban zan ba ta magani, sai na ɗan kurɓa. Innalillahi! Tofar da shi na yi. Ɗanɗanonsa kamar an jiƙa tsohon silifas, ga wani wari na ruwan da ya daɗe a rufe.

Da na matsa mata, sai ta ce tun ranar farko ta ji. Alwala take yi da shi, ta jiƙa maƙoshi, sai ɗan shayin da nake aika mata. Na ce don Allah me ya hana ta magana? Ta ce surukinta ne ya ɗura ruwan da hannunsa, da wane baki za ta ce ba ya shawuwa, ga shi mutum yana cikin halin da yake ciki? Kicin kuwa ba za ta ratsa gabansa da kofi a hannu ba. Na fara kai mata ruwa a jug, tana sha, amma abin ya tsaya mata a rai. Ta ce ita ta zo yi wa mai jego hidima, ga shi mai jego ce ke yi mata jigila, don haka a kira Musbahu ya zo ya ɗauke ta. Yaya, kuka na yi. Ban yi arba'in ba, ba ni da kowa a garin nan, kuma na san in ta tafi a kan wannan, Baban Raki zai ce ko ruwan sha ya kasa bai wa surukarsa.

Da ƙyar na iya gaya masa. Ya rufe kwamfutar, ya kira Musbahu. Ashe sauran ruwan tafiyarsu ta bara ne a gindin tankin, ja'irin bai zubar ba! Tiyon kuma na ban ruwan fulawa ne, shi ke sa ɗanɗanon roba. Baban Raki ya roƙa ta bakina a ba shi kwana biyu. Inna ta dawo ɗakina ta zauna, shi kuma ya naɗe hannun riga. Ya zubar da ruwan tas, ya cika tankin da maganin da muke wanke kwalbar jarirai da shi, ya buɗe famfo har ya ratsa bututu, ya bar shi ya kwana. Washegari ya yi ta ɗauraya, ya bi da bekin soda, ya sake ɗaurayewa, ya canza matata, ya sayo farin tiyo na ruwan sha. Duk zagaye sai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya koma. Rabon da in ga mijina da kuzari haka tun kafin sanyi.

Na kai wa Inna kofi. Ta sha, ta ce ba laifi, ya wanku, sai dai ruwan ƙasar nan ba shi da rai. Da na faɗa masa sai ya yi murmushi, ya ce shi ma randar kakarsa a Jumare yake tunawa, mai ƙamshin jema. Nan take na tuna ƙunshin jemar da kika cusa a cikin kayan jego, tsakanin kanwa da yaji, wanda har na yi miki tsiya a raina na ce me zan yi da saiwar ciyawa a Ingila. Ya ce ba za a sa a tanki ba, zai toshe famfo. Musbahu, don ya wanke kansa, ya zagaya shagunan Indiyawa na Birmingham shi da matarsa Sa'adiya, suka samo tulun ƙasa, suka kawo ran Asabar.

Baban Raki ya cika tulun daga famfon karaban, ya wanke jemar ya jefa, ya bar shi ya yi sanyi a inuwa. Da yamma ya ajiye shi a bakin ƙofarta ya ja da baya can wajen katanga. Inna ta ɗiba ta sha, ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Sai ta juya masa baya yadda ta saba, amma ba ta ce in gaya masa ba. Da bakinta ta ɗaga murya ta ce Allah ya yi masa albarka, ya buɗa masa ƙofar da ta fi wadda aka rufe, ya shayar da shi ruwan Alkausara yadda ya shayar da ita. Tun aurenmu ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Yana tsaye da tiyo a hannu, ya amsa da amin, ya yi ta goge ido da kafaɗar riga.

Maganar tafiya ta mutu, har ta ce ba ta motsawa sai Habu ya fara zama. Na gode wa Allah, na gode miki, Yaya, Allah ya saka miki da aljanna. In kin samu mai tahowa ki ƙaro mana jemar. Ki gaishe da Malam, da Gwaggo Hajo, da Rahmatu da amaryar Sanda, ki shafa mini kan Aishatu. Ki ci gaba da sa Baban Raki a addu'a, aikin bai samu ba tukuna. Amma kin san Inna ba ta faɗin sunansa, a da "shi" take ce masa, yanzu ta raɗa masa Mai Ruwa. Kullum da safe, kafin ya buɗe kwamfuta, sai in ji ta daga bayan gida tana tambaya ko Mai Ruwa ya tashi. Ki zo ki ga injiniya guda yana neman takalmi da sauri yana amsawa.

Taki har kullum,
ƙanwarki Rabi'a