Baƙuwar da Ba a Sallama Ba

Ɗan Kassari, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Rumaisa'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan karatunki na Yamai. Mu nan duk lafiya lau. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na shekara arba'in na fara riƙe biro. Ban kira ki a talho ba don babanku na jin komi, kin kuwa san ba shi son zancen iskoki. Direba Iro zai ba ki wannan hannu da hannu.

Gwaggo Barira ta zo kasuwa ta ce kun je ƙauyenmu na kusa da Lugu ɗaukar fim ɗin tsoro na gama makarantarku. Wai kun shafa wa wata yarinya garin rogo a fuska kun ce ita ce doguwa, mata sunka yi ta dariya har zufa ta wanke garin. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni cin abinci, ta ce kun sa tsoho Gado mai goge ya goga muku kiɗan kiran doguwar gidanmu, yana tsakiya wani ya ce batir ya ƙare, kunka kwashe kaya kunka shiga mota. Gaskiya ne? Ba ku tsaya ya yi sallama ba?

Allah ya tsare min ke.
Innarki, Zalihatu

*

Yamai, ranar Laraba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, a gaida Baba. Takardarki ta zo, kuma rubutunki ya fi na rabin ajinmu.

Gaskiya ne, Inna, amma kada ki damu. Wahala ce ta yi yawa. Kamara ɗaya ce, kwana uku aka ara mana. Jinin da muka haɗa da zoɓo ƙudaje suka bi. Duk fim ɗin, kiɗan Baba Gado ne kaɗai ke tada tsigar jiki. Muna montaj, wato haɗa hotuna da sauti, na saurare shi ya fi sau ɗari. Minti goma sha biyu aka yanka mana, ba wurin ƙari. Saura sati uku mu nuna wa malamai.

Ɗiyarki mai son ki,
Rumaisa'u

*

Ɗan Kassari, ranar Jumma'a

Rumaisa'u,

Ina gaishe ki. Sau ɗari kika ce? Da na karanta sai da na zauna ƙasa.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa muku ba. Kakarki, uwata, ita ke wa Gado waƙa in yana goge. Ina shekara tara na ga an kira wannan doguwa da rana tsaka, gindin tsamiya. Ba fari a fuska, ba dogon farce. Tsuntsaye ne sunka yi shiru gaba ɗaya. Wata mata da na sani tana saida daddawa ta miƙe, sai na ga kamar ban taɓa ganin mutum tsaye ba. Ban yi kuka ba, ban gudu ba. Na ji dai ni ƙarama ce ƙwarai.

Na bar wannan hanya tun da na yi aure, ina sallata, ina neman gafarar Allah. Amma ko a gidan babanku ba a kiran baƙo a bar shi tsaye bakin ƙofa. Kun kira, ba ku sallama ba, kuma ke ce jinin gidan, ke ce mai kunnawa. Duk inda aka nuna fim ɗin nan za a sake kira. Ki sake aro kamarar, ki taho da ita ranar Talata. Na gaya wa babanku za ni duba Gwaggo, kuma zan duba ta.

Innarki da ba ta da sukuni

*

Ɗan Kassari, ranar Alhamis

Ɗiyata,

Da fatan kin isa lafiya. A mota na kasa magana, shi ya sa na rubuto.

Kin ji abin da Gado ya ce min: “Zalai, ke ce kika tsufa haka? Goge na nan, amma sallama da baki ake yi, masu bakin kuma sun ƙare. Ko kin zo ne ki yi mana wa'azi?” Na so in juya. Shekara ashirin da shida ban rera ba, na ɗauka na manta. Da ya ja gogen sai waƙar ta taho da kanta, da muryar uwata, har inda takan ja numfashi. Na ga tsofaffin da sunka taru gindin tsamiya sun sunkuyar da kai. Na gan ki bayan kamara, ba ki ce a tsaya ba.

Ban san abin da ya tafi ba, Allah ne masani. Na san dai ƙirjina ya sauka. Abu biyu nake roƙo. Kada a ga fuskata, tsamiyar ta isa. Kada kuma ki yanke ko kaɗan.

Innarki

*

Yamai, ranar Asabar

Inna,

Ina gaishe ki. An nuna jiya da hantsi. Sallamarki minti huɗu ce, don haka na cire yarinyar garin rogo duka, abokaina suka yini ba su yi min magana ba. Malaminmu ya ce tsamiya da murya kaɗai ba fim ba ne, in rage. Ban rage ba.

Inna, hoto ya ƙare, allo ya yi baƙi, waƙarki na ci gaba. Mutum ya fi sittin a ɗakin, ba wanda ya motsa, har malamin. Sakamako sai wata mai zuwa.

Rumaisa'u

*

Ɗan Kassari

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, na gode. Allah ya ba da sa'a a sakamako.

Kin ce ba wanda ya motsa. Sun yi daidai, ko da ba wanda ya koya musu. Ba a tashi sai baƙuwar ta fita.

Ki huta lafiya.
Innarki, Zalihatu