A Dawo Mana da Sistar Ranar Kasuwa

Zuwa ga Babban Jami'in Lafiya mai kula da yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah ya ja zamaninka. Sunana Gambo, maguɗiya ce ni a wani ƙauye kusa da Gubuchi. A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Maganar da na kawo ba a saba faɗinta gaban maza ba, amma kunya ta kusa kashe mini ƙanwa.

Na farko, bari in gaya maka abin da muka rasa. Kafin a ba mu mulkin kai da kaɗan, akwai wata Sista, mutuniyar kudancin Zariya, da mota ke kawowa ɗakin shan maganinmu duk ranar kasuwa. Hausarta a karkace take, mukan yi mata tsiya, ita ma ta rama. In ta gama awon masu ciki sai ta tura ƙofa, ta zauna kan tabarma tare da mu. A can ne na fara faɗin abin da ke damuna. Tun haihuwata ta biyar, in na yi tari ko atishawa, ko na ɗaga tulu, sai in ji fitsari ya zubo. Guɗa kuwa, wadda ita ce sana'ata, da na toshe hanci na ja murya sai zane ya jiƙe. Na daina zuwa biki, na ce wa mutane maƙogwaro ne.

Sista ba ta yamutsa fuska ba. Ta duba ni, ta ce wannan ba yoyon fitsari ba ne irin na wadda ta daɗe tana naƙuda, ba kuma jifa ba ne. Naman da ke riƙe mafitsara ne haihuwa ta sa ya saki, kamar bakin jakar da ya gaji da ɗauri. Ta koya mana yadda mace za ta matse ƙasanta kamar mai riƙe fitsari, ta ɗan jima ta saki, ta maimaita safe da rana da yamma, ko tana tankaɗe ko tana kaɗi. Ta ce a matse kafin tari ya fito, a nemi maganin tari da na taurin bayan gida, kada kuma a daina shan ruwa. Wadda abin ya ƙi mata, akwai aikin da likita ke yi a birni. Mun sha dariya a ɗakin nan, kowa na hararar kowa ko tana matsewa. Kafin a sare rake na koma guɗa, a bikin wata yarinya mai suna Taba har aka ce muryata ta ƙara kaifi. Ina kewar wannan zama ƙwarai.

Na biyu, an ɗauke ta ba sallama, aka bar mana malamin asibiti shi kaɗai. Mutumin kirki ne, ba na zarginsa. To amma sa'an ɗana ne, tagarsa kuma tana kallon rumfar mahauta. Wace mace ce za ta tsaya nan ta ce tana jiƙa zane? Sai ta ce mararta ke ciwo, shi kuma ya ba ta maganin tsargiya, ta sha ta koma gida yadda ta zo.

Na uku, ƙanwata Hanne. Ita ce mai barkwancin gidanmu, in tana waje ɗaya ba a jin muryar kowa. Bayan ta haihu bara abin ya same ta. Na koya mata abin da aka koya mini, ta ce in rufa mata asiri, yaushe maguɗiya ta zama likita. Dabarar da ta ga ta fi ita ce ta daina shan ruwa, wai in babu a ciki ba abin da zai fito. Haka take wuni tana aiki a zafin nan, leɓe a bushe. Ta faɗi a bakin murhu, yanzu kuma fitsarin da zafi yake fita, ga ciwon kwiɓi. Alwala ta zame mata fargaba, ko sallar idi ba ta je ba. Na tabbata da mai farin kaya ce ta faɗa mata abin da na faɗa, da ta ji.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo a dawo mana da Sista, ko a turo wata mace mai irin iliminta, ko da ranar kasuwa kawai. A ba ta ɗaki mai ƙofa. A kuma koya wa ungozomominmu wannan matsi, tunda su ke shiga kowane gida.

Ina roƙo a hanzarta. Shekaranjiya na kwaikwayi tafiyar mijin Hanne don in ga haƙoranta. Dariyar ta taso mata, na gani, sai ta danne bakinta da hannu biyu, ta tashi a hankali ta shige ɗaki. Hanne yanzu dariya take tsoro.

Allah ya ba ka ikon duba kukanmu, ya ƙara maka lafiya da adalci, ya saka wa mahaifiyar da ta sha wahalar haihuwarka da alheri.

Wassalam.

Ni ce,
Gambo maguɗiya.