Pampon da Baba ya saka a lakwal

Baban Raudatu,

Na jira ka har azahar ba ka dawo daga Dogo ba, wayarka kuma ba ta shiga. Na tafi likita da Raudatu.

Mutanen nan da suka ɗebi ruwan lakwal, makarantar su Raudatu, a kwalabe watan jiya sun kawo sakamako yau. Darakta, shugaban makarantar, ya tara mu iyaye a gindin bishiyar bedi, ya ce akwai gubar dalma a ruwan, daga tsofaffin tiyo take fitowa. Sun ɗaure pampunan da waya. An ce duk yaron da ke yawan ciwon ciki da kasala a kai shi a auna jininsa. Ka san yadda Raudatu take tun bayan Sallah.

Da zan fito darakta ya ja ni gefe ya ce, "Maman Raudatu, a pampon surukinki aka fi samun gubar. Ban faɗa a gaban mutane ba." Pampon da Baba ya saka sadaka domin marigayiya Inna yake nufi.

Baba bai sani ba tukuna, na bar shi yana barci a zaure. Don Allah kada ka bari ya ji a masallaci da la'asar. Ka zauna kusa da shi ka faɗa masa da kanka, ka ce babu wanda ya ga laifinsa. Idan ya tambayi Raudatu, kada ka ɓoye masa inda muke.

Lubabatu