Zanen Gawayi a Bangon Zaure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga ƙanwarka Saude a Batsari zuwa ga yayana Hashimu a Gwanja, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya tsare ayarinku daga sharrin hanya. Mu nan mun gode Allah, gero ya shiga rumbu, Inna tana nan da ƙarfinta sai ciwon gwiwa.

Yaya, maganar 'yarka Asama'u ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san duk kaka nakan jera 'yan matan da nake koya wa karatu a bangon zaure, in ja wa kowacce zane da gawayi daidai kanta, don masaƙi ya san faɗin zanen da zai saƙa mata. Bana Lami da Hansai, tsararrakinta, sun wuce nasu zanen da kusan taƙi guda, kafaɗunsu sun cika. Asama'u kuwa tana nan inda take tun kakar da ka tafi. Na ɗauka ƙasar wurin ce ta lotsa, na matsar da ita na sake aunawa. Nan ɗin dai ta tsaya, na ajiye gawayin.

Ba tsawon kaɗai ba. Awarwaron mahaifiyarta, Allah ya ji ƙanta, yanzu zamewa yake daga hannun Asama'u da kansa. Cikin idonta fari fat. In ta ɗauko tulu daga rijiya sai ta zauna a hanya tana haki, kuma na sha kama ta tana cin ƙasar bango. Ba sai na tuna maka ba, haka ƙanwarmu Zuwairatu ta fara, ba ta kuwa ga damina ta gaba ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Na kai ta Zakka wurin tsohuwa Asta mai magani. Ta latsa cikinta ta ce saifa ce ta kumbura, jini ya yi ƙasa, ta ba mu saiwa ta ce a dage da hanta da madara. Muna yi, amma ban ga sauyi ba tukuna. Hanyar da ta wuce Zakka a rufe take saboda mahayan Maraɗi masu kai hari, shi ya sa ban kai ta Katsina ba. Jiya ta roƙe ni in daina auna ta a gaban 'yan uwanta, sannan ta tambaye ni ko masu ƙaramin jiki ma suna daɗewa a duniya. Na ce mata rai na Allah ne, na shige ɗaki don kada ta ga fuskata.

Ga zare nan na naɗe cikin takarda, kaurin damtsenta ke nan. Ka zagaya shi a yatsunka ka gani da idonka. Don Allah kada ka jira cinikin goro ya ƙare, ka biyo ayarin farko.

Inna da Kawu Gambo suna gaishe ka. Ka gaida Armaya'u abokin tafiyarka. Asama'u ta ce a gaya maka ta kai Tabaraka.

Wassalam, ƙanwarka mai jiranka,
Saude