Ƙafafun da Suka Cika Mini Tab

Litinin, 5 ga Fabrairu

Loveth, autata, ta wuni fuska a murtuke. Jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta ake yin ta yanzu, kuma akwai manhajar gwaji da take so ta sa a tab ɗina ta riƙa koyo. Tab ɗin ya ce babu wuri. Bara ma ta zauna jarrabawar, kwamfutar ce ta firgita ta, ba tambayoyin ba. Idan bana ta sake faɗuwa, na san halinta, ba za ta ƙara neman boko ba.

Ta ce, "Baba, me ka tara a ciki haka?" Ni? Tun da na ajiye aikin malamin gona ba na buɗe shi sai don karanta Littafi Mai Tsarki, saboda rubutun yana fitowa manya-manya.

Talata, 6 ga Fabrairu

Mun goge hotuna. Tsutsa a kan masara, buhunan taki, wani taro da kowa ke hamma. Duk sun tafi, wurin bai motsa ba. Akwai wani dogon layi da aka rubuta wa "sauran abubuwa", shi ya cinye kusan komai, kuma in ka taɓa shi ba ya buɗewa. Matata Judith ta leƙo daga madafi ta ce, "Baban Loveth, tab ɗin nan halinka ya ɗauko. Ciki a cike, ba wanda ya san da mene ne." Shekara talatin da aure, bakinta bai tsufa ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Ban fita ba. Kujera, rediyo, ƙofar gida. Ina zan je?

Asabar, 10 ga Fabrairu

Dole ta sa na tayar da babur, sai da aka tura ni har bakin titi. Na je Hunkuyi wajen Safiyanu, wanda muka yi aikin auna gonaki tare lokacin da ofis ya raba mana tab ɗin. Ya fi ni kan na'ura. Ya yi ta latse-latse, can sai ya fashe da dariya.

Ashe duk lokacin da muka danna "fara zagaye" don auna gona, abin yana ɗaukar bidiyo a ɓoye, wai don ofis ya tabbatar mun je. Aikin ya ƙare, ba wanda ya karɓa, suka zauna a ciki. Mu kuwa ba mu sani ba, riƙe shi muke yi kamar faranti, idonsa na kallon ƙasa. Saboda haka babu fuska ko ɗaya. Ƙafafu ne kawai, da kunya-kunyar gona, da muryoyi. Manomi a gaba yana cewa, daga tsamiyar nan zuwa gamban can, ni a baya ina haki.

Safiyanu ya ce, "Oga Ilisha, in ka yarda yanzu zan share maka su gaba ɗaya." Na ce ya dakata tukuna. Tab ɗin ba shi da gurbin memori, kwamfutarsa kuma ta mutu tuntuni.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Bayan sujada na zauna ina kallo. Na gane mutane da takalmansu, abin mamaki. Ga Abednego na Saulawa da faso a dugadugi, yana rantsuwa iyakarsa ta wuce suri. Ga tsohuwa Adama ba takalmi, tana mini faɗa don na taka mata yakuwa. Kashi ɗaya cikin uku na masu ƙafafun nan sun riga mu gidan gaskiya.

Na yi kewar lokacin nan, ban san na yi ba sai yau. Ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, furar da ake miƙo maka ko ka ce ka ƙoshi.

Loveth ta tsaya a kaina tana kallon tab ɗin. Da ma faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na samo mafi girma a cikinsu. Gonar raken abokina Ja'afaru ce ta Dandamisa. Ranar na manta ban kashe abin ba, na ajiye shi a gindin mangwaro muka zauna shan rake. Allo baƙi ƙirin, sai murya. Yana tsokanata wai Kirista ba ya iya ɓare rake da haƙori, ina ce masa shi kuma bai iya tsayar da layi ba. Ya yi dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari.

Shekara uku da rasuwarsa. Na kashe abin na shiga ɗaki.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Shawara ta zo mini a bakin famfo. Ƙafafun nan ba nawa ba ne, a mayar wa masu su. Wanda na tura wa nasa a waya, sai in goge a nan. Na fara da Saulawa. Abednego ya kalli nasa sau uku, ya ce, "Ka ga ko a lokacin ma gaskiya na faɗa kan surin nan." Jikokin Adama suka kewaye waya, babbarsu tana ta share ido da bakin mayafi.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Makarfi da ƙauyukanta. Bayana kamar an yi mini duka. Wasu sun tashi, ba wanda ya san inda suka koma. Nasu na saurara sau ɗaya na goge. Ba daɗi, amma na goge.

Talata, 20 ga Fabrairu

Saura na Ja'afaru kaɗai, kuma har yanzu manhajar ta ƙi shiga. Kaɗan ya rage, shi ya tare. Loveth ta ce, "Baba, bar shi. Zan riƙa aron wayar ƙawata Martina in ta dawo daga shago." Wayar Martina da allonta ya tsage kamar busasshen tafki! Ta faɗa ne da murmushi. Yarinyar nan ta iya haƙuri irin na uwarta, shi ya fi cin raina.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Na hau babur zuwa Dandamisa, na kai mararraba, na juyo. Na ce wa Judith mai ne ya yi ƙasa. Ta dubi tankin, ta dube ni.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Na je. Ana dafa mazarƙwaila a bayan gari, ƙanshin ya tare ni tun daga hanya, har sai da na tsaya.

Ummuhani, matar marigayin, ta fito zaure da surukarta Mukarrama. Mun daɗe muna gaisawa, ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙuri. Sannan na kunna. Da farko ƙafafu ne a cikin rake, da takalman taya, ɗaya an ɗaure da waya. Ummuhani ta ce, "Shi ne. Sau nawa na ce ya yar da takalman nan."

Da allon ya yi baƙi na ba ta haƙuri, na ce daga nan ba a ganin komai. Ta ce, "Bar shi, Malam. Fuskar tana nan, ban manta ba. Muryar ce ta fara ɓace mini." Ta saurara har ƙarshe, kanta a sunkuye. Wajen dariyar nan da tarin, ita ma ta yi dariya, sannan ta ja hijabi ta rufe fuska.

Mukarrama ta karɓa a wayarta. Muka kunna a can don a tabbatar ya shiga. Na riƙe tab ɗin, yatsana a kan wajen gogewa, ya ƙi sauka. Ummuhani ta lura. Ta ce, "Goge abinka, Malam, yarinya ta yi karatu. Ai ya dawo gida. In kana marmarin abokinka, ka san hanya."

Na goge. Ta ba ni mazarƙwaila a leda in kai wa Judith.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Manhajar ta shiga. Loveth ta yi tsalle kamar 'yar firamare.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Tab ɗin ya koma ɗakin Loveth, tun safe nake jin ƙarar amsoshi. Ni na koma Littafina na takarda da tabarau.

Na sa an canza wa babur tayar baya. Ba don komai ba, ta cinye ne. Gobe zan leƙa Dandamisa, Mukarrama ta ce raken mijinta yana yin ja a ganye, ya kamata wani ya duba. Judith ta ɗauke kujerata daga ƙofar gida ta ɗora tukunya a kai. Tun shekaranjiya ta ɗauke, in ji ta. Ban lura ba.