Kofin Ƙara Jini

Kishinau, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar taki? Ya Baba da aikin matsar inabi? Ni da ɗana Iurie muna nan kalau, in dai halin da yake ciki sunansa kalau.

Ƙanwata Anisia ta gaya mini a waya kin fara ɗora ta a kan kofin nan na jar giya, rana da yamma, wai ciki ya shanye mata jini. Haba Mama! Watansa huɗu fa. Haka kika tsare ni wata tara cur, kina tsaye a kaina sai na shanye.

Shekarar Iurie bakwai, amma kowa huɗu yake ba shi. Abin da aka koya masa da safe, kafin azahar ya zube. Likita ta duba fuskarsa kawai ta tambaye ni me nake sha da cikinsa. Ta ce duk abin da uwa ta kurɓa, ɗan ma ya kurɓa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ki ƙyale ƙanwata. Ki dafa mata wake da hanta.

’Yarki,
Varvara

Kishinau, 15 ga Oktoba

Mama,

Ina gaisuwa, don tarbiyyarki ce. Da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Saƙonki ya iso. Wai giyar gida ba giya ba ce tunda hannun Baba ne ya matsa, wai ke ma kin sha kin haifi biyar lafiya, ni ce birni ya lalata wa kai. Biyar lafiya? Leƙa bayan gida ki ga yayanmu Pantelei, shekara talatin da huɗu yana bin agwagi, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Duk ƙauyen sun ce haka Allah ya yi shi, mu ma muka taya su faɗa.

Ba ke kaɗai nake jin haushi ba. Na sha da bakina, har ina ƙari in kin juya baya. Wannan ni zan mutu da shi.

Ran Asabar ina tafe a motar safe in ɗauko ƙanwata. Anisia za ta zauna a wurina har ta haihu, mijinta ya yarda. Kada ki tare ni da kofi a bakin ƙofa, ba zan karɓa ba ko da maƙwabta na kallo.

Gangar giyar da Baba ya rufe a ɗakin ƙasa ranar da aka haifi Iurie, wai sai ranar aurensa, ki ce ya daina shafa ta yana lissafin shekaru. Jiya na kwashe awa guda ina koya wa angon nasa ɗaure takalmi.

A gaishe mini da Pantelei da kyau.

’Yarki duk da haka,
Varvara